Goɗiyar da Ta Sa Na Ba da Baya

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu wanda ya tsamo ni daga inda ban zaci fitowa ba.

Sunana Bitrus. Na ajiye kakin soja na dawo Talata Mafara wajen matata Hannatu da 'yarmu Rahila, amma hancina can dajin da muka yi yaƙi ya tsaya. In na wuce mai tsire sai zuciyata ta tashi, don ƙaurin nan gawarwakin da suka ƙone yake tuna mini. Ga 'yan zaman kashe wando a tasha suna washe baki: "Sajan, mutum nawa ka kashe?" Tir! Sai ka ce farashin tumatir suke tambaya. Na ƙyamace su, na ƙyamaci abinci, na fi ƙyamar kaina.

Ba na yarda kowa ya tsaya a bayana. Rannan Rahila ta laɓaɓo ta rufe mini ido don wasa. Kafin in san abin da hannuna ya yi, yarinya tana ƙasa, leɓe a fashe. Hannatu ba ta yi hayaniya ba. Ta kwashe ta suka tafi gidan yayarta a Bakura, ta ce sai ranar da yaro zai iya tsayawa a bayana lafiya.

Maƙwabcina Malam Sani, dattijo Musulmi mai kiwon dawaki, ya ja ni in ga wata goɗiya da aka kamo a dajin Maradun. Masu ita sun gudu daga wajen Gidan Goga da 'yan bindiga suka tashe su, ta girma a daji da ragamar da aka sa mata tun tana ƙarama. Igiyar ta nutse cikin naman fuskarta.

Wari, 'yan'uwa! Ƙudaje, ruɓa, tsutsa na motsi cikin miki. Nan gindin turke na amayar da kokon da na sha. Na ce a harbe ta kowa ya huta. Da Malam Sani ya ƙi, na nufe ta gaba da gaba ina daka mata tsawa kamar kurtu a fareti. Saura ƙiris ta cire mini gwiwa.

Malam Sani ya ce, "Sajan, goɗiyag ga ba ta yarda da mai kallonta cikin ido. Ni na tsuhwa, ba ni iya zaman rana. Zamna ƙasa da kanwa ga hannunka, ka ba ta baya. Ita ka zuwa da kanta."

In ba ta baya? Ni?

Na zauna dai, zufa kamar an watsa mini ruwa. Ina jin kofato yana matsowa, jikina duka yana cewa tashi ka kai duka. Sai na ce, "Ya Yesu, na gaji da gadin bayana. Karɓi gadin nan!"

Numfashinta ya sauka a wuyana, da ɗumi da ɗoyi. Ban motsa ba. Ta lashe kanwar, ni kuwa ina kuka kamar yaro.

A hankali ta bari muka yanke igiyar. Kullum ni ke wanke mikin da ruwan gishiri, ina toshe hanci ina yi.

Labari ya kai Bakura, Hannatu ta zo da Rahila ta gane wa idonta. Ina tsugune ina dama dusa sai na ji 'yan ƙananan sawu a bayana. Na ci gaba da damawa, ban waiwaya ba. Wani ɗan hannu ya zagayo wuyana.

"Baba, kana wari!" in ji Rahila. Ɗaya hannun yana toshe da hancinta, amma ba ta sake ni ba.

Halleluya! Godiya ta tabbata ga Ubangiji. Kai da kake zaune nan kana ƙyamar kanka, kada ka tsaya sai ka yi wanka. Kawo masa mikin yadda yake, zai taɓa. Amin.