Turakun Wutar Rana a Kan Burtali

A tashar Agiye muna jiran motar Gazawa ta cika, sai wata mata mai buhun gyaɗa ta soma zance da wani dattijo Bafulatani.

"Baba, ka ji 'yan furoje, masu ayyukan raya karkara, za su kawo muna wutar rana? Wai ƙasashen waje sun ce hayaƙi ya yi wa duniya yawa."

"Na ji, baiwar Allah. Har turakun da suka kafa na gani, a tsakiyar burtalinmu."

"Mu dai asibitinmu zai samu wuta. Bara a cikin duhu ƙanwata ta haihu, jinjirin bai zo da rai ba."

"Allah shi ba ku haƙuri. Ni ban ƙi wuta ba. Amma in an zagaye wurin da waya, ta ina shanu za su bi zuwa ruwa?"

"Sai ku kewaya mana."

"Hanya ɗaya ta rage, ta cikin gonar geron da ke bayan rijiya. Ni na tsufa, na iya ba da haƙuri. Samarinmu kuwa tun yanzu da takobi suke fita kiwo."

Matar ta dafe ƙirji.

"Bayan rijiya? Gonarmu ce! Ɗana Abdulmumini ke noma ta, kuma zuciya gare shi."

"Nawa ɗan shi ke jan garken," in ji dattijon a hankali.

"Mi sunanshi, Baba? In ja wa nawa kunne tun damina ba ta faɗi ba."

"Jaye. Amma ba ya jin maganata."

"Nawa ma haka," in ji ta.