Ba a Kan Babur Ba

Tabarma, buta, ledar maganin gyambon ciki. Da su a hannu Zayyad ya tsaya a bakin Kasuwar Kilomita Biyar yana kiran mai babur. Mahaifinsa na kwance a benci, gumi ya jiƙa masa riga. Wata mata da ke wucewa ta durƙusa ta kama wuyan hannun tsohon.

"Ɗan'uwa, me ya same shi?"

"Ciki ne, Hajiya, har da amai. Amma da sauƙi, bugun zuciyar ma ya lafa."

"Ni nas ce, wannan lafawar ita ce haɗarin. In jini ya daina isa wani sashen zuciya, jijiyoyinta kan sa bugun ya ragu, hanyoyin jini su saki. Shi ya kawo aman da gumin. Ka zaunar da shi a babur, jini ba zai kai kansa ba."

"Ai haka muke kai kowa. Shi a tsakiya, ni a baya."

"A kwance zai tafi. Motar can ta wa ce?"

"Ta ƙaninsa, Baba Hussaini. Ba sa magana tun da suka raba shago. Ya rantse ko gawarsa ba za ta shiga motar ba."

"To, gawar kake jira?"

Zayyad ya jefar da butar, ya ruga shagon ƙanin. Suka dawo tare, suka kwantar da tsohon a kujerar baya ta motar. Zayyad ya rufe ƙofa.

"Mu je, Baba Hussaini. In ya tashi, ya yi fushin da ni."