Ingilishin Kasuwar Tattasai Ya Kayar da Ni

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Sunana Bukar, daga Diffa.

Rikici ya raba ni da gonar tattasaina a bakin kogin Komadugu. Wata ƙungiyar agaji ta nemi tafinta, na je da Ingilishin da na koya wajen 'yan Najeriya masu sayen tattasai. A baki na burge su. A rubuce kuwa, mai jarrabawa ya ce ban bambanta aikatau na mutum ɗaya da na mutane da yawa ba. A kasuwa wa ya taɓa gyara mini?

Litinin za a sake gwada ni, daga ita babu wata. Don Allah, in akwai malamin Ingilishi cikin 'yan gudun hijirar sansanin Assaga, ya neme ni ta gidan rediyon nan. 'Ya'yana sun riga sun shaida wa maƙwabta babansu ya samu aiki.