Ƙurjin da ke Kan Lamba Biyar

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin kamfanin sadarwa da tawagarsa, shugabar makarantarmu da malamaina, iyayena maza da mata da kuka cika wannan ɗakin taro har wasu na tsaye a bakin taga, assalamu alaikum. Ina godiya da aka ba yarinya kamata dama ta tsaya a nan ranar buɗe sabon layin sabis na unguwarmu. Ku yi haƙuri da ni, ko a aji ban cika ɗaga murya ba.

Zan fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kowa a gidanmu ya san ni da karatun littattafan soyayya, har Mama ta gaji da raba ni da su a bakin murhu. Abin da ba su sani ba shi ne, labarin da ya fi duka daɗi ba a littafi nake samunsa ba, laɓe nake yi a bayan ƙofar Kaka. Kakana tela ne, ciwo ya sa aka kai shi gidan kawuna, gari mai nisa, kusa da asibiti. Kaka kuma idonta ya tafi. Kullum bayan la'asar sai ta lalubo ƙaramar wayarta ta kira shi.

Sai ya ce, "'Yar tsohuwa, kina nan da kyanki?"

Ta ce, "Ina na sani, Tela, ni da madubi ya daina yi mini amfani? Ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Ƙarya kake, na ji a muryarka. Ba wa yaron da ke jinyarka wayar in tambaye shi."

Malamata ta rubuta mini jawabin godiya mai kyau, ta kuma ce kada in ƙara ko kalma. Malama, ki yafe mini, zan ƙara.

Na farko, mun ji abin da baƙonmu ya faɗa, kuma ba mu ƙi ba. Ya ce duniya ta ci gaba, an shimfiɗa wayoyi a ƙarƙashin teku, an harba taurari sama, ƙasashe da yawa suna rufe tsofaffin layuka domin sababbi su samu fili. Ni ma ina so. Ni ce mai hawa matakalar bene da waya a sama ina neman sabis don babi ɗaya ya buɗe. Amma da kuka ce za ku rufe tsohon layi ƙarshen wata, ba ku faɗa wa wannan taro cewa ƙananan wayoyin tsofaffinmu za su mutu tare da shi ba. Wannan ɓangaren ba a tafa masa ba, domin ba a faɗe shi ba.

Na biyu, yadda kuka sanar. Tes kuka turo. Tes, ranka ya daɗe, zuwa wayar matar da ba ta gani, zuwa wayar mai gadin makarantarmu da bai yi boko ba, zuwa wayar mai wankin layinmu da yake goge duk saƙon kamfani don yana zaton talla ce. Ni na karanta wa Kaka nata. Sai ta ce, "To shi Tela ta ina zai riƙa shigowa?" Duk littattafan da na karanta, babu wanda ya koya mini amsar wannan tambaya.

Na uku, kun ce a sayi babbar waya. Ku ɗauki ƙaramar waya ku shafa lamba biyar, za ku ji wani ɗan ƙurji. Da shi Kaka take gani. Daga ƙurjin ta haura sama ɗaya, ta danne lamba biyu, sai muryar mijinta. Yayana ya ba ta tasa ta gwada, ta shafa, ta juya, ta ce, "Kai, wannan ai faranti ka ba ni." Ta ɗauki hoton silin, ta kira mai gyaran famfo. Mun yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in ya zama sai an danna mata, kuma an tsaya mata a ka har ta gama, to ta bar kiran. Na san za ta bari, domin na san Kaka.

Ba mu zo roƙon sadaka ba. Muna cewa kada ku rufe tsohon layi sai kun kawo wayoyi masu madanni da ke aiki a kan sabon, kuma ku turo mutum mai baki ya shiga gida gida ya yi bayani. Ku da kuka iya ratsa teku, ba za ku kasa ratsa layinmu ba.

Na rubuta wannan buƙata a wasiƙa. An ce mini akwai akwatin ƙorafi a bakin ƙofa, in jefa a ciki in wuce, kada in kunyata baƙi. Da zan shigo na leƙa akwatin, ledar ruwa ce a ciki da bawon lemo. Ba zan jefa ta can ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ja kwanan iyayenmu, ya sa waɗanda ke nesa su ci gaba da jin muryar nasu, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ranka ya daɗe wakilin kamfani, ga ni nan saukowa. A gaban mutanen nan zan ba ka wasiƙar, hannu da hannu.

Na gode.