Sifilin Ranar Talata

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na Chicago, wata tsohuwa ta leƙa takardun da Terrence ya baza a cinya.

"Me kake tono haka, ɗan nan?"

"Tsohon farashin hannun jari, Iya. A 1974 farashin wani kamfani ya tashi daga dala sha biyu zuwa ɗari da ashirin, ya dawo nan take. Shekara uku ina rubutun digirina kan wannan maguɗin."

"Babu wani maguɗi. Mai buga lambobin ce ta ƙara sifili."

"Kin fi masana sani ke nan?"

"Masana ba su zauna gaban injin nan ba. Kuma ranar Talatar yatsana a kumbure yake."

Terrence ya duba takardar. Bai faɗa mata ranar ba. Talata ce.