A Mayar da Indararon Tela Inda Yake

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan taro, dattawan gari da muka tsufa tare, malaman makaranta da suka ara mana wannan aji, ma'aikatan asibiti, iyayenmu mata da ke can baya, matasan da ke leƙe ta taga, da kai da kake tura mini abin maganar nan a baki kamar za ka ba ni magani: ina gaishe ku baki ɗaya.

An ce in tashi in yi godiya, kuma zan yi. Amma ku yi mini haƙuri, ƙarata ta girmi godiyata, ita za ta fara shiga.

Kowa a nan ya san ni, Mai Faci na bakin kasuwa. Kowa ya san maƙwabcina Tela, ga shi can ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Tun shekarar da ya yi wa gidansa rufin kwano, lokacin haƙorana suna nan cif, ya kafa indararo ya juyo bakinsa ta kan katanga, daidai ƙofar ɗakina. Ruwan da aka saukar a rufinsa, ni nake karɓa. Na kai ƙara gaban wani shugaba, ya ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa, shi ma ya wuce, Allah ya jiƙansa. Na kai gaban wanda ya gaje shi, ya ce a yi haƙuri. Ban yi karatu ba, jama'a, amma na san a yi haƙuri ba amsa ba ce.

Kun san yadda garin nan yake idan hadari ya haɗo. Mata su ruga kwashe shanya, mai shayi ya ja teburinsa ƙarƙashin rumfa, awaki su cika bakin shaguna, titin kasuwa ya koma rafi, babba da yaro kowa takalmi a hannu, wando a naɗe. Kowa da aikinsa. Ni nawa aikin shi ne in ɗora buhu a kai, in tsaya a tsakar gida, in ɗaga murya: "Tela! Zo ka kwashe ruwanka!" Shi kuma ya tsayar da keken ɗinki ya amsa ta bayan katanga: "Mai Faci, ba nawa ba ne, daga sama aka aiko, ka mayar wa mai shi!" In ce masa mugun maƙwabci, ya ce mini a gaida gida. Matata takan leƙo ta ce, "Maigida, shigo kada sanyi ya kama ka, ku biyun nan kun rasa aikin yi." Ta rasu. Tasa ma ta rasu. 'Ya'ya suka watse birni. Aka bar tsofaffi biyu da katanga ɗaya da indararo ɗaya.

To, ranar da kuka sani, a tsakiyar daminar bana, da hantsi, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ina jin indararo yana dukan ƙofata, na kasa tashi. Ina nan kwance sai bangon ɗaki ya zauna, katakon rufi ya sauko ya danne mini ƙafa, laka ta rufe ni har ƙirji. Na yi kira, amma wa zai ji muryar tsoho a cikin wannan ruwa? Daga baya magini ya ce wai bangon baya ne ya faɗi, wai babu ruwan indararo a ciki. Na ji, ban yarda ba.

Shi kuwa Tela ya tsayar da kekensa, ya tanadi amsarsa, yana jira in fito in zage shi. Shiru. Ya kira, "Mai Faci, yau bakin ya mutu ne?" Shiru. Mutumin da gwiwa ta hana shi tsugunawa, shi ne ya jawo benci cikin ruwa, ya hau, ya leƙa, ya ga ɗakina a ƙasa. Ya fita titi ba hula ba takalmi yana ihu har muryarsa ta dishe. Da aka tambaye shi yadda ya sani, cewa ya yi, "Ruwa ya sauko, bai zage ni ba. Ai kun san ba lafiya ba."

Yanzu ga godiya, kuma daga zuciya take.

Ta farko, ga matasan tashar babura. Na sha cewa ba ku da tarbiyya, kuna watsa wa mutane taɓo kuna wucewa, kuma har gobe kuna watsawa. Amma ku ne kuka tone ni da hannuwanku saboda kada shebur ya sare ni, ku ne kuka ɗora ni a kan ƙyauren ɗakina kuka ratsa da ni ruwa har gwiwa zuwa asibiti. Allah ya yi muku albarka. Ku rage gudu.

Ta biyu, ga ma'aikaciyar asibitin da nake kira 'yata, wadda ta ɗaure ƙafar nan. Na ce mata ba na son allura, ta ce, "Baba, ni ma ba na son gardama," ta soka. Ga ni tsaye a kan ƙafar. Allah ya ba ki masu yi miki kamar yadda kika yi mini.

Ta uku, ga matan unguwa, da kuka wanke tufafina daga laka, kuka yi ta aiko mini da abinci har na fara ƙiba a kwance. Ga magini da kafinta da ba su karɓi komai ba. Ga duk wanda ya kawo bulo, da wanda ya tura baro, da wanda ya zo ya tsaya yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, shi ma Allah ya saka masa. Kun gina mini ɗakin da ban taɓa kwana a irinsa ba. Ruwa ya sauko, in laluba tabarma in ji ta a bushe, sai hawaye ya zo mini.

Amma, mai girma shugaba, a cikin alherin nan an yi mini ɓarna. Ina asibiti, wani mai son faranta mini ya hau ya cire indararon Tela, ya juya shi ta wajen titi. Wa ya aike shi? Ni na kai ƙara ne a amsa mini, ban ce a kashe maganar a bayan idona ba. Da na dawo, aka yi ruwa, na ɗora buhuna na fito. Ƙofar ɗakina a bushe. Na sauke buhun. Ina jin keken Tela ya tsaya, yana saurare. Muka yi tsaye, ni a nan, shi a can, kamar baƙi. Na koma ɗaki, shi ma ya ci gaba da ɗinki. Tun daga ranar, ruwa ya sauko ya ɗauke, ban san ko yana lafiya ba, bai san ko ina numfashi ba.

Sannan ga abin da ya fi ci mini rai. A bakin mai shayi na ji, ba a bakin Tela ba, wai ɗansa zai zo bayan damina ya tafi da shi birni, wai tsohon ba shi da mai duba shi a nan. Ba shi da mai duba shi? Ni fa? Ni turke ne aka kafa a bayan katanga? Wane ɗa ne ya fito cikin ruwa ya kira sunan ubansa duk damina kamar yadda nake yi? A birni wa zai zage shi ya ji ko zai amsa?

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya ba mu ruwa mai amfani, ya tsare bangon kowa da rufin kowa. Allah ya jiƙan matanmu da magabatanmu, ya shirya mana zuriya, kada ya bar tsoho a ɗaki ba mai jin shirunsa.

Na gode, na gode ƙwarai. Amma ba zan zauna ba tukuna, kai kuma kada ka janye abin maganar. Shugaba, a yau nake son amsa: za a mayar da indararon nan ƙofar ɗakina, ko in hau da wannan ƙafar in mayar da kaina? Kai kuma Tela, ɗago kanka, ka daina share ido da hula, jama'a na kallo. Shekara da shekaru ba ka taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba. Tafiya za ka yi, ko kana nan? Ga hadari can yana haɗowa. Amsa mini.