Yadda Yesu Ya Raba Ni da Tsamiyar Bakin Gulbi

'Yan'uwa, salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya tara mu yau da ranmu da lafiyarmu. Halleluya!

Wanda bai san ni ba a cikinku, to ya san motata. Ni ne Nomau bakanike, wanda aka raɗa wa Ishaya ranar baftisma. Motar kuwa ita ce tsohuwar motar sojan nan da ke wucewa ta Magama tana tari, yara na bin ta da gudu, wani lokaci har su riga ta isa. Ku yi dariya, ba komai, ni ma ina yi. Amma ku ba ni kunnuwanku, don a cikinta Ubangiji ya kwance ni daga wani ɗauri da na daɗe a ciki.

Na koyi gyara ne a nan Jibiya, a gindin manyan motocin gyaɗa masu ƙetarawa Maraɗi. Ana nan sai wani attajiri da nake yi wa aiki ya nuna mini wata mota a bayan sitonsa, cikin waɗanda soja suka bari bayan yaƙin Bama na zamanin Turawa. Kaji sun mai da ita akurki, gara ta cinye katakon bodinta. Ya ce in zan iya tashe ta, in kwashe abata. Abin nema ya samu! Da shanun noma muka jawo ta gida.

Ni ba don titin Katsina nake son ta ba. So nake ta shiga ƙauyukanmu, inda babu hanya sai turbar jakai. Don haka na ƙara mata sifirin ta ɗaga sama, na nemo tayoyi masu faɗi saboda yashi. Tankin mai kuwa yana ƙasa, kututture ya sha huda shi, sai na cire shi na mayar bayan kujera, na jawo sabon bututun jan ƙarfe daga can zuwa injin. Na yi ta yaba wa kaina wannan dabara. Ranar da ta fara tashi, matata Ladi guɗa ta yi har maƙwabta suka fito.

To, ga inda matsalar take. Tsakanin ƙauyen mahaifina da Jibiya akwai gulbi. Da rani ba ruwa, sai yashi mai zurfi, kuma in ka fita daga cikinsa sai ka hau wani dogon tudu, shi ma yashi. A kan tudun akwai wata tsohuwar tsamiya. Tun muna yara aka gaya mana gidan Doguwa ce, iskar da gidanmu ke yi wa yanka kaka da kakanni. Mahaifina, Baba Arzika, shi ke riƙe da tsafin gidanmu, kuma bai taɓa wuce itacen nan da takalmi a ƙafarsa ba.

Ran da na fara bi ta wurin da kayan kasuwa, rana ta take, muna kaiwa daidai tsamiya sai motar ta yi tari ta mutu. Na ɗauko ƙarfen tayar da inji na wana ta har hannuna ya sage, ko motsi. Na duba filogi, na duba waya, na leƙa tanki, mai na nan.

Aka kira Baba. Ya zo ya dubi motar, ya dubi itacen, ya ce, “Kai yaro, ka kawo ƙarhen Nasara ƙohwag gidanta, ba sallama ba komi? A samo jan zakara.”

Aka koma ƙauye aka kamo zakara, aka yanka a saiwar tsamiya, aka shafa jini a hancin mota. Na kama ƙarfe na wana sau ɗaya. Sai ta tashi!

Daga ranar na zama bawa. Ba na fita sai da zakara ɗaure a ƙarƙashin kujera. In na bi da sanyin safiya, in wuce lafiya, Baba ya ce ai Doguwa ba ta fita sai rana ta yi tsaka. In na bi da rana, motar ta mutu, in sauka, in yanka, in jira jini ya tsane, in yi 'yan maganganun da aka koya mini, sannan ta tashi. Direbobin Maraɗi har suna suka sa mini, wai Mai Zakara. Suna dariya, ina dariya, amma cikina tsoro ne fal. Ko mafarki na yi, itacen nan nake gani.

Ladi ta riga ni karɓar Yesu, ni kuma na biyo ta daga baya. Na yi baftisma da zuciya ɗaya, Allah ne shaidata. Na bar komai, ban da zakaran nan. Na ce a raina, Yesu ya san zunubi, ya san mutuwa, amma sha'anin mota da Doguwa sai mu 'yan gida. Kun ji wauta! Ladi ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da yake kajinta ne ke ƙarewa. Iyakarta ta ce, “Maigida, ina yi maka addu'a.” Wannan magana ta fi zagi zafi a gare ni.

Sai ga bazarar da ta wuce. Baba ya daɗe yana fama da ƙaba, tana tasowa tana komawa. Malamin ɗakin shan magani na Jibiya ya taɓa ja mana kunne, ya ce ranar da ta taso ta ƙi komawa, kada a kwana, a kai shi asibiti Katsina a yi masa aiki, in ba haka ba hanji zai ruɓe. Ranar nan kuwa ta zo. Muna gida aka aiko, muka tafi ni da Ladi da hantsi. Muka tarar da shi yana murƙususu, yana amai, an yi saiwoyi an yi turare duk a banza. Dattijon da ban taɓa jin ya yi ƙara ba, ga shi yana kiran sunan uwarsa.

Muka shimfiɗa masa tabarma a bayan mota, Ladi ta tallafe kansa, ta riƙe goran ruwa. Na sassauta iskar tayoyi saboda yashi, muka kama hanya. Zafi kamar a bakin murhu. Muka faɗa gulbi, motar na gurnani, muka fita, muka fara hawan tudu. A nan ne na tuna. Zakaran da na ɗauro daga gida, na sauke shi a ƙofar gidan Baba don a sami wurin kayan jinya, kuma cikin ruɗewa can muka baro shi.

Muna kaiwa tsamiya, ta yi tari, ta mutu.

Wayyo, 'yan'uwa! Ban san ranar da na ji abin da na ji a lokacin ba. Na yi tsalle na sauka, na ɗaga murfin inji, na wana, na wana, gumi na shiga mini ido. Babu gida kusa, babu mai wucewa, komawa ƙauye a ƙasa kuwa tafiya ce mai nisa, ga Baba numfashinsa na sama-sama.

Ya buɗe ido ya ce, “Ina zakaran?”

Na ce, “Baba, mun baro shi gida.”

Ya ce, “Ka kashe ni, Nomau. Ba ta bari mu wuce hakanan. Ɗauki yuƙa ka tsaga yatsa, ka ɗiga mata ga saiwa. Ko ta yi haƙuri da wannan.”

Ba zan ɓoye muku ba, na zaro wuƙar. Ubana ne ke mutuwa, me ake da yatsa? Na nufi itacen, sai na ji an riƙe mini hannu. Ladi ce. Matar da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba, ranar ta yi magana yana ji.

Ta ce, “Maigida, aje yuƙag ga. An riga an zub da jini sau guda a kan gicciye, kuma ya isa. Kai ma ka sani.”

Na ce, “In Baba ya mutu hwa?”

Ta ce, “In ka ba ta yatsa yau, gobe mi za ta ce ka kawo? Taho mu roƙi mai rai.”

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Na koma gaban mota, murfin injin yana buɗe, na durƙusa a kan yashi mai zafi na fashe da kuka. Ban iya addu'a mai tsari ba. Cewa kawai na yi, “Ya Yesu, na raina ka, na ɗauka ikonka bai kai nan ba. Ga ubana, ga motata, ga ni. Ba ni da zakara, ba ni da dabara. In kai ne Ubangijin wannan tudun ma, ka nuna mini!”

Sai na miƙa hannu in dafa mota in tashi, idona a rufe da hawaye. Hannun ya wuce cikin injin ya sauka a kan wani ƙarfe. Wani zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, na yi ihu na fizge. Ga tabon nan, ku duba.

Na share ido in ga abin da ya ƙone ni. Bututun mai ne! Bututun nan da na jawo da hannuna, wanda ya kamata a ce da sanyinsa. Na bi shi da kallo, sai na ga ashe na bi da shi jikin salansa, tsakaninsu ko yatsa ba zai shiga ba. Na kara kunne, na ji mai yana tafasa a ciki, ƙur-ƙur-ƙur, kamar tukunyar kunu.

Nan take idona ya buɗe. Duk hanyar nan babu inda injin ke shan wuya kamar yashin gulbi da hawan tudu. In rana ta yi zafi, kafin a kai sama mai ya tafasa ya zama tururi, injin ya rasa abin sha ya mutu. Ni kuma in sauka in yi ta fama da zakara, kafin in gama yanka da surutai bututu ya huce, mota ta tashi, in ce Doguwa ta karɓa!

Na ce, “Ladi, kawo gora! Kawo ɗankwalinki!”

Ta warware shi ta miƙo, na jiƙa shi sharaf, na naɗe bututun, na zuba sauran ruwan a kai yana ta cuu. Muka ɗan dakata. Na kama ƙarfe na ce, “Cikin sunan Yesu,” na wana.

Ta tashi! 'Yan'uwa, ta tashi! Halleluya!

Muka wuce tsamiya ba jini ba gashin kaza. Ladi na waƙar yabo a baya tana kuka, ni ina tuƙi ina dariya kamar wanda ya zare, hannuna na zogi ban ma kula ba. Muka ratsa Jibiya muka hau titin Katsina, kafin la'asar mun isa. Aka shiga da Baba aka yi masa aiki. Da likita ya fito ya ce mun zo a kan gaɓa, da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin.

Na san wani zai ce a ransa, to ina abin al'ajabi a nan, ai injin ne ya yi zafi. Gaskiyarka, injin ne. Amma ni bakanike ne, shekara da shekaru ina buɗe murfin nan a gindin itacen nan, ban taɓa gani ba, don idona na kan tsamiya, ba ya kan mota. Tsoro ya makantar da ni, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Wa ya hana ni zakara ranar? Wa ya sa magana a bakin Ladi? Wa ya ɗauki hannuna, idona a rufe, ya ɗora shi daidai inda ciwon yake? Ni dai na san shi, kuma na san sunansa.

Da muka dawo na kwance bututun na bi da shi ta ɗaya gefen, na yanko gwangwani na yi masa kariya. Tun daga ranar ba ta sake mutuwa a tudun nan ba, kome zafin rana.

Da Baba ya warware, na ba shi labarin duka. Sai ya ce, “Wataƙila Doguwa ta yi tahiya ne rannan.” Ban yi masa musu ba, ubana ne. Sai dai duk ranar kasuwa in je in ɗauko shi, in bi da shi ta wurin da rana tsaka. Da fari yakan rufe ido. Daga baya ya fara leƙe. Rannan muna wucewa ya ce, “Nomau, wagga tahiya tata ta yi tsawo.”

Yau da safe ina zuba ruwa a mota, sai ga shi da sandarsa, ya kwana gidanmu. Ya ce ina za mu, na ce sujada. Ya ce shi ba shiga zai yi ba, iska kawai zai sha. Kada ku waiwaya gaba ɗaya ku ba shi kunya, amma yana nan waje, zaune a inuwar bango kusa da taga, kuma kunnensa garau yake.

Baba, na san kana jina. Da ranka ka zo nan, da ƙafafunka. Wanda ya yi wannan bai karɓi komai a hannunmu ba.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ubana, na gode masa da ya cire mini tsoro. Ku kuma, 'yan'uwa, in akwai wurin da har yanzu kuke tsammanin ikonsa bai kai ba, ku kira shi a daidai wurin, zai amsa. Ku taya ni addu'a, tabarmar nan da ke kusa da ni akwai sauran wurin mutum ɗaya.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!